FILAYEN WASA: KUƊIN JAMA'A DA SHIRUN 'YAN JARIDA

Kusan duk wani babban filin wasa da ke ƙasar nan da kuɗin baitulmali aka gina shi. Watau manomin da bai taɓa taka Abuja ba, da tsohuwar da ke sayar da koko wadda ba ta san dokar ƙwallo ba, duk suna da kaso a cikin kujerunsa da fitilunsa, domin kuɗin man fetur da na haraji da aka kashe nasu ne. Amma in mutum ya bi jaridu da gidajen rediyo da kyau, zai tarar ranaku uku ne kawai filin wasa yake samun shiga labari sosai: ranar da aka buɗe shi, da ranar babban wasa, da kuma ranar da wani abin takaici ya auku a cikinsa. Tsakanin waɗannan ranaku akwai shekaru masu yawa da ba a jin ɗuriyarsa, kuma a cikinsu ne rufi yake yoyo, ciyawa take mutuwa, dukiyar jama'a take narkewa ba mai tambaya.

Sakamakon wannan shiru ya fito fili. Daga ƙarshen 2023 har zuwa ƙarshen 2025, duk wasannin gida da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta yi na neman shiga gasar cin kofin duniya da na Afirka, a fili ɗaya tak ta yi su, watau na Uyo a Jihar Akwa Ibom, domin shi ne ya cika sharuɗɗan Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, CAF. Ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, wadda ta yi fiye da shekara 60 tana gina filaye, ita ce ta wayi gari da guda ɗaya da za ta iya karɓar baƙi a cikinsa.

ASALIN ABIN

Gina filin wasa da kuɗin hukuma ya samo asali tun zamanin manyan jihohin nan na da. Gwamnatin Jihar Yamma ce ta ɗauko aikin filin Liberty na Badun a zamanin Cif Obafemi Awolowo, aka buɗe shi a 1960, shekarar samun mulkin kai. A nan ne Dick Tiger ya doke Ba'amurken nan Gene Fullmer cikin watan Agusta 1963, ya ci gaba da riƙe kambinsa na damben duniya. Jihar Arewa ita ma ba ta yarda a bar ta a baya ba, ta gina nata a Kaduna a tsakiyar shekarun 1960, wanda yake ɗauke da sunan Firimiya, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. A wancan zamani filin wasa, kamar jami'a da gidan talabijin, alama ce da kowace jiha take nuna wa 'yan'uwanta cewa ita ma ta kawo ƙarfi.

Bayan yaƙin basasa Gwamnatin Tarayya ta shigo cikin harkar gadan-gadan. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Hukumar Wasanni ta Ƙasa a 1971, ta kammala babban filin Surulere a Ikko a 1972 mai ɗaukar mutum 55,000, aka yi wasannin ƙasashen Afirka karo na biyu a cikinsa cikin watan Janairu 1973. A shekarar ce kuma aka soma bikin wasanni na ƙasa baki ɗaya, da nufin haɗa kan samarin da yaƙi ya raba. Ran 22 ga watan Maris 1980, a wannan fili, Nijeriya ta ci Aljeriya 3 da nema, Segun Odegbami ya jefa biyu, Muda Lawal ya jefa ɗaya, Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari ya miƙa wa Christian Chukwu kofin Afirka na farko da ƙasar nan ta ɗauka.

Duk wanda ya san yadda ƙasar ta kwana a wannan rana ba zai ce kuɗin da aka kashe ya tafi a banza ba. Wasa yana da amfanin da ba a iya aunawa da naira da kwabo, kuma babu mai hankalin da zai ce hukuma ta cire hannunta daga gare shi. Abin dubawa shi ne nawa aka kashe, wa ya karɓa, da kuma abin da aka tanada domin gobe.

FAFE GORA RANAR TAFIYA

Daga baya sai aka ɗauki al'adar jiran babbar gasa kafin a tuna da filaye. An shirya Nijeriya za ta karɓi gasar duniya ta matasa a 1995, Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Duniya, FIFA, ta ɗauke ta zuwa Ƙatar bisa dalilin fargabar annoba. Da aka sake ba ta a 1999, sai aka shiga gyara da gini cikin gaggawa a birane takwas: Ikko, da Badun, da Kano, da Kaduna, da Bauci, da Inugu, da Kalaba, da Fatakwal. Shekara goma bayan haka, da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta zo a 2009, aka koma yawancin waɗannan filaye aka sake zuba kuɗi, domin abin da aka gyara a 1999 ya riga ya lalace. Aikin gaggawa kuwa kullum ya fi tsada, domin ranar buɗe gasa ba ta matsawa, ɗan kwangila kuma ya san da haka.

Babban misali shi ne filin wasa na ƙasa da ke Abuja. Gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta ba da kwangilarsa a 2000, kamfanin Julius Berger ya gina babban dandalin, aka buɗe shi cikin watan Afrilu 2003 domin wasannin ƙasashen Afirka karo na takwas da aka yi cikin watan Oktoba na shekarar. Yana da kujeru 60,491, kuɗin da aka fi ambata a kansa kuwa shi ne dala miliyan 360. In aka raba wannan kuɗi da yawan kujerun, kowace kujera ta tashi a kan kusan dala 6,000. A lokacin Nijeriya tana yawon roƙon a sassauta mata bashin ƙasashen waje, wanda sai a 2005 masu bin ta na ƙungiyar Paris suka yarda su yafe dala biliyan 18. Masu suka a gida da waje sun ce ƙasar da ke cikin wannan hali, ga makarantu da asibitoci suna jira, bai kamata ta ɗauko irin wannan aiki ba. Jaridu sun taɓa maganar a lokacin, amma da wasanni suka kankama, Nijeriya ta zo ta ɗaya a yawan lambobin zinariya, sai murna ta danne lissafi.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Da aka sami sabon fili sai aka juya wa na Surulere baya, tun wajen 2004 manyan wasannin ƙasa suka ƙaurace masa, ya koma matattarar masu sayar da abinci da abin sha da 'yan zaman kashe wando. Na Abuja ma bai daɗe ba ya bi sahu. A 2012 da 2013 ƙungiyar ƙasa a Kalaba take wasanninta na gida, domin ciyawar Abuja ta mutu. Aka sake shuka ta a 2013, ta sake mutuwa. Ran 12 ga watan Yuni 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa filin sunan marigayi Cif M.K.O. Abiola, alhali tsakar filin ba ta takuwa. Sai da Ministan Wasanni na lokacin, Sunday Dare, ya fito da shirin roƙon attajirai su ɗauki nauyin filaye, Alhaji Aliko Ɗangote ya ba da kimanin dala miliyan ɗaya aka sake shuka ciyawa aka gyara allon nuna sakamako, Cif Kessington Adebutu kuma ya ɗauki na Surulere.

Ran 29 ga watan Maris 2022 aka yi kunnen doki 1 da 1 da Gana a Abuja, sakamakon da ya hana Nijeriya zuwa gasar duniya ta Ƙatar. 'Yan kallo suka fusata suka afka cikin filin suka yi ta ɓarna, FIFA ta ci Nijeriya tarar faran 150,000 na kuɗin Suwizalan, ta kuma ce a yi wasa ɗaya ba 'yan kallo. Cikin watan Afrilu 2023 kuma guguwa ta kayar da ɗaya daga cikin dogayen turakun fitilun Surulere, aka rufe filin.

SAYEN DOKI DA CIYAR DA SHI

Duk mai doki ya san ba ranar saye ake gane mai hali ba, sai an zo ga harawa da dusa da kanwa. Haka filin wasa yake. Ciyawarsa rai gare ta: tana son ruwa kullum, musamman daga watan Nuwamba zuwa Afrilu lokacin da sama take rufe a Arewa, tana son taki, da aski a kan lokaci, da magudanan ruwa a ƙarƙashinta waɗanda ba su toshe ba. Fitilu suna son wuta, inda babu wuta kuwa sai an sayi man injin. Akwai famfuna, da bayan gida, da rufi, da masu gadi, da masu shara. Wannan kashe kuɗi ne da ba ya yankewa muddin ginin yana tsaye.

To, kasafin kuɗin gwamnati gida biyu ne: akwai na manyan ayyuka, akwai na ayyukan yau da kullum. Gini yana fitowa daga na farko, a sa masa allon suna, a yanka kyalle, a ɗauki hoto. Kula da shi kuwa yana cikin na biyu, inda albashin ma'aikata yake cinye mafi yawa, kuma ba a taɓa kiran makaɗa domin an canza bututun ban ruwa ba. Saboda haka duk mai mulki ya fi samun lada a idon jama'a in ya gina sabo a kan ya raya tsoho. Filin Uyo, wanda aka buɗe cikin watan Nuwamba 2014 da kujeru 30,000, ba don ya fi na Abuja girma ya tsira ba. Abin da ya raba su shi ne gwamnatin jihar ta bar aikin kula da shi a hannun kamfanin da ya gina shi, tana biya.

Ta wajen shigar kuɗi ma lissafin ba ya tashi. Yawancin ƙungiyoyin da ke gasar ƙasa na gwamnatocin jihohi ne: Kano Pillars, da Katsina United, da Wikki Tourists ta Bauci, da El-Kanemi Warriors ta Barno, da Plateau United, da Niger Tornadoes, duk daga baitulmali ake biyan 'yan wasansu. Ke nan gwamnati ce mai gida, ita ce ɗan haya, ranar babban wasa kuma sau da yawa ita ce take saye tikiti ta ce a buɗe ƙofa kowa ya shiga kyauta. Ɗan abin da fili yake samu daga taron siyasa ko na addini ko na kaɗe-kaɗe, a kan kashe ninkinsa wajen gyara ciyawar da dubban ƙafafu suka tattake. Ƙungiyar Remo Stars ta Ikenne, wadda ta ɗauki kofin ƙasa a 2025, tana cikin 'yan ƙalilan da wani mutum ya mallaka, ya kuma gina mata fili da kuɗinsa. Filin ƙarami ne, daidai yawan masu zuwa kallo, domin wanda zai biya daga aljihunsa ba ya gina abin da ya fi ƙarfinsa.

HALIN DA AREWA TA SHIGA

A Katsina an aza harsashin babban filin Karkanda tun farkon shekarun 1990 a zamanin mulkin soja, aikin ya kwanta kimanin shekara 20 kafin gwamnatin Alhaji Ibrahim Shehu Shema ta kammala shi a 2013. Shi ne daga baya aka sa wa sunan Sarki Muhammadu Dikko. A Jos an fara sabon filin da ke hanyar Zariya tun ƙarshen shekarun 1980, gwamnoni suka yi ta wucewa ta kansa, har aka soma wasa a ciki wani sashe bai kammalu ba. Duk shekarar da irin wannan aiki ya kwana, farashin siminti da ƙarfe yana hawa, abin da aka riga aka gina yana rubewa, a sake auna kwangila a ƙara kuɗi.

Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano ya karɓi gasar 1999, da wasannin kofin Afirka na 2000, da gasar 2009. A 2020 aka mai da shi wurin killace masu cutar korona, Kano Pillars, wadda ta ɗauki kofin ƙasa sau huɗu, ta koma yin wasanninta na gida a Kaduna. Larura ce ta kawo haka, kuma ran mutum ya fi ƙwallo, amma abin ya nuna birni kamar Kano ba shi da fili na biyu da ya cika sharuɗɗan gasar ƙasa a lokacin.

A Kaduna kuwa, ran 25 ga watan Maris 2016 da Nijeriya ta kara da Masar aka tashi 1 da 1, gwamnatin jiha ta buɗe ƙofa kyauta. Mutum wajen 40,000 suka yi dafifi a filin Ahmadu Bello, fiye da abin da zai iya ɗauka nesa ba kusa ba, samari suka ɗare turakun fitilu da allon sakamako. Allah ya kiyaye aka watse lafiya, CAF ta ci tarar dala 5,000. Mutanen Kamaru ba su yi wannan sa'a ba: ran 24 ga watan Janairu 2022 mutum takwas suka rasu a turmutsutsun ƙofar sabon filin Olembe na Yawunde, ana tsakiyar gasar kofin Afirka. Maƙwabciya Nijar ita ma ta ɗanɗana kuɗarta, domin filin Janar Seyni Kountché na Yamai, wanda aka gina a 1989 da taimakon ƙasar Sin, ya sha faɗuwa a binciken CAF, har ƙungiyar ƙasar ta riƙa zuwa Maroko yin wasan da ake kira nata na gida.

ME YA RUFE BAKIN 'YAN JARIDA?

Nijeriya ba ta rasa marubuta labarin wasanni ba. Ƙungiyarsu ta ƙasa ta kafu tun 1964, akwai jaridun da ba su da wani aiki sai wasanni, tun 2002 kuma akwai gidan rediyon da wasanni kaɗai yake watsawa. Duk da haka labarin kuɗin filaye ya zama maraya, kuma dalilan suna da yawa.

Na farko shi ne yadda ake rabon aiki a ɗakin labarai. Wakilin wasanni ya san ɗan wasan da ya ji rauni da kocin da za a kora, amma ba a koya masa karanta takardar kwangila ko kundin kasafi ba. Wakilin da ke bin harkar kuɗi da majalisa kuwa, da ya ga kalmar filin wasa sai ya ce wannan na shafin baya ne. Ta haka labarin biliyoyin naira yake faɗawa tsakanin tebur biyu, ba wanda ya ɗauka.

Na biyu shi ne inda labarin yake fitowa. Yawanci kwamishina ko minista ne yake gayyatar manema labarai rangadi, a zaga da su, ɗan kwangila ya ce an kammala kashi kaza cikin ɗari, a raba takardar sanarwa. Washegari a ga jaridu biyar da kalmomi iri ɗaya: fili ne na zamani, babu irinsa a Afirka ta Yamma, zai samar wa dubban matasa aikin yi. Da wuya a ga an koma bayan shekara uku an ƙirga matasan da suka sami aikin, ko an gwada kuɗin da aka ambata ranar aza harsashi da wanda aka ambata ranar buɗewa.

Na uku shi ne mallaka da talla. Gidajen rediyo da talabijin na jihohi na gwamnatocin da suke gina filayen ne, gwamna ne kuma yake naɗa shugabanninsu. Waɗanda ba na gwamnati ba, da doka ta ba su damar kafuwa tun 1992, da talla suke rayuwa, gwamnati kuwa tana cikin manyan masu ba da talla. Ranar buɗe fili 'yan kwangila da 'yan siyasa sukan sayi shafi sukutum domin taya murna, editan da ya karɓi wannan kuɗi kuwa sai ya yi ta maza kafin ya sa labarin tsagewar bango a shafin da ke kusa.

Na huɗu shi ne halin da ɗan jarida yake ciki shi kansa. Albashin da yawa daga cikinsu kaɗan ne, wani ma sai ya yi watanni bai gan shi ba. Saboda haka ambulan ɗin da ake miƙawa bayan taro da sunan kuɗin mota ko na goro ya zama abin dogaro, haka kuma kujerar jirgi da ɗakin otal da hukumar wasanni take biya wa masu rakiyar ƙungiya. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilori a 1998 sun hana karɓar irin wannan, domin masu tsara su sun san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na biyar, wanda ya fi sauran wuyar magani, shi ne kishin gari. In an ce za a gina wa jiha katafaren fili, duk wanda ya tambayi farashi sai a ɗauke shi maƙiyin ci gaba, a ce ina yake lokacin da aka gina na wasu. Ɗan jarida ɗan garin ne, shi ma mai son ƙungiyar ne, masu sauraronsa kuma labari mai daɗi suke so. Shi ya sa a shirye-shiryen wasanni na yamma a gidajen rediyon Kano da Kaduna ake iya shafe sa'a guda ana gardama a kan ƙungiyoyin Ingila da Sifen da kuɗin da suka sayi ɗan wasa, ba a taɓo abin da majalisar jiha ta ware wa filin da ke bayan gari ba.

Gaskiya ne 'yan jarida sun yi abin yabo ta wani gefen. Hotunan kangon Surulere da na ciyayin da suka rufe filin Abuja su suka fito da su, kunyar da hotunan suka jawo kuma tana cikin abin da ya zaburar da hukuma. Amma wannan ihu ne bayan hari. Hoton kango yana nuna an yi asara, ba ya faɗin nawa aka ware domin gyara a shekarun da suka wuce, da nawa aka saki, da hannun da ya shiga.

BA A NAN KAƊAI BA

Ƙasashen da suka fi Nijeriya dukiya ma suna fama da wannan cuta ta wata fuskar. A Amurka ƙungiyoyin wasa na attajirai ne, amma sukan tilasta wa birane su gina musu fili da kuɗin haraji, in ba haka ba su ƙaura. Masana tattalin arziki biyu, Roger Noll da Andrew Zimbalist, sun fitar da wani babban nazari a 1997 da ya nuna irin waɗannan filaye ba sa ƙara wa birni arzikin da ake alkawari, domin kuɗin da mutum ya kashe a kallon wasa shi ne dai wanda zai kashe a wani wuri cikin garin. Wasu masana zaman jama'a, Kevin Delaney da Rick Eckstein, sun bi yadda jaridun birane suke ba da labarin, suka tarar sau da yawa babbar jaridar gari tana cikin masu goyon bayan aikin tun farko. A gundumar Hamilton da birnin Cincinnati yake ciki, jama'a sun jefa ƙuri'a a 1996 suka yarda a ƙara harajin saye da sayarwa domin gina filaye biyu, daga baya nauyin ya yi wa gundumar yawa har ta sayar da wani asibitinta.

A Afirka ta Kudu kuwa, bayan gasar duniya ta 2010, hukumar da ke hana haɗa baki a kasuwanci ta bi diddigi, a 2013 ta ci kamfanonin gine-gine 15 tarar ran biliyan 1.46 saboda haɗa baki wajen neman kwangiloli, ciki har da na filayen gasar. Darasin da ke nan shi ne farashin fili ba daga sama yake faɗowa ba, mutane ne suke yanka shi, kuma in an sami mai bin sawu akan gano inda aka yi coge.

MAKAMAN AIKI SUNA NAN

Ɗan jaridar Nijeriya ba hannu sake yake ba. Sashe na 22 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa kafofin watsa labarai nauyin tabbatar da cewa gwamnati tana ba jama'a bahasin ayyukanta. Dokar ba da kwangila ta 2007 ta wajabta a tallata manyan ayyukan Gwamnatin Tarayya a yi takara a fili. Dokar 'yancin samun bayani, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ran 28 ga watan Mayu 2011, ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman takardun hukuma, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Cikin watan Afrilu 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dokar ta hau kan gwamnatocin jihohi su ma. Ban da wannan, akwai rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi da ake kai wa majalisa, yawancin jihohi kuma suna buga kasafinsu a intanet inda kowa zai iya dubawa.

Tambayoyin da ya kamata a yi tun kafin a aza tubalin farko ba su da wuya. Nawa ne kuɗin aikin gaba ɗaya, kuma daga aljihu za a biya ko bashi za a ci? Kamfanoni nawa suka nema, me ya sa aka zaɓi wannan? Nawa kula da filin zai ci kowace shekara, a wane layi na kasafi aka rubuta shi? Wasa nawa za a yi a ciki a shekara, mutum nawa suke zuwa kallon wasan gasar ƙasa a garin? Me ya sami tsohon filin? Editan da ya haɗa wakilinsa na wasanni da na majalisa ya ba su mako biyu su nemo amsoshin nan, ya kuma ajiye amsoshin domin a waiwaye su baɗi, ya yi wa jiharsa hidimar da ta fi shafi goma na taya murna. Gidajen rediyon da ke magana da Hausa sun fi kowa dama, domin su ne suke shiga gidan talakan da kuɗin nasa ne, kuma shirin da ake buga waya kai tsaye wuri ne da kwamishina zai iya zama ya amsa da bakinsa.

Irin wannan tambaya taimako ce ga gwamnati mai niyyar alheri, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Hukumar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka sake farfaɗo da ita cikin watan Oktoba 2024 a madadin ma'aikatar wasanni, da gwamnatocin jihohin da ke shirin gini ko gyara, za su fi samun yardar jama'a in suka buga lissafinsu tun ba a nema ba.

Akwai kuma lissafin da ya fi kowanne muhimmanci. Ahmed Musa, wanda ya fi kowa jefa ƙwallo a gasar ƙasa a 2010 yana Kano Pillars, a filayen ƙura na Jos ya koyi wasa, kamar yadda dubban yara suke koya a filayen makarantun firamare da na unguwa, waɗanda shaguna da gidaje suke ta cinyewa kaɗan kaɗan. Duk lokacin da aka kawo wa majalisa takardar gina sabon katafaren fili, haƙƙin jama'a ne a gaya musu filayen unguwa nawa kuɗin zai iya katangewa, a share su, a kafa musu raga da rijiyar burtsatse. In an ajiye musu lissafin biyu gefe da gefe, su da kansu za su faɗi wanda suke so a yi musu da kuɗinsu.